Aishatu da Safe, Afnan da Yamma

Ranar sunan 'yar ƙanena a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe, tun kafin hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Aka zagaya da goro da dabino da alawa, ƙanena ya matsa kusa da liman ya raɗa masa, liman ya ɗaga murya ya ce an samu Aishatu, Allah Ya raya ta bisa tafarkin Musulunci. Aka shafa, aka ja rago. Sunan Goggonmu ne, yayar mahaifinmu, wadda a hannunta ƙanen nawa ya tashi. Kafin la'asar hoton jaririyar ya gama zagaya wayoyin dangi, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta Afnan. Watanta takwas ke nan a duniya, ban taɓa jin wani ya kira ta Aishatu ba.

A majalisa da wuraren zaman makoki na sha jin manya suna ƙorafin cewa 'ya'yan yanzu sun watsar da sunayen iyaye da kakanni sun rungumi na cikin waya. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta sosa inda ke ƙaiƙayi ba. Wanda ya ɗauki wata guda yana bin raɗin suna daga Bolari zuwa Pantami, daga Herwagana zuwa Tudun Wada, abin da zai fi ji daga bakin limamai shi ne Muhammadu, Abubakar, Usmanu, Fatima, Hauwa'u, Maryamu. Sunan yanka yana nan kusan yadda muka gaje shi. Wanda ya sauya shi ne suna na biyu, wanda ake kiran yaro da shi a tsakar gida, kuma sauyin nan ya fi yadda ake zato zurfi.

Bahaushe ko Bafillacen ƙasar nan bai taɓa rayuwa da suna ɗaya ba. Akwai na yanka, wanda ake sa wa ranar bakwai, a zubar da jinin rago, wanzami ya yi aski. A lissafin Malikiyya ba a ƙirga ranar haihuwa in bayan alfijir aka haihu, shi ya sa wanda ya zo duniya Talata da rana sai wata Talatar ake sunansa. Sannan akwai sunan kira, wanda ba ruwansa da liman ko rago, mata ne ke haifar da shi a ɗakin mai jego. Tushensa kuwa kunya ce. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Matar ɗa ba ta kama sunan uban mijinta ko uwarsa, ɗa ma ba ya iya buɗe baki ya ƙwala kiran sunan mahaifinsa a kan yaro, balle ya tsawata masa da shi. Mu kuma mutane ne masu mayar da sunan iyaye. Sai ya zama rabin yaran gida suna ɗauke da sunan da iyayensu ba za su iya furtawa ba. Daga nan aka samu Abba da Baba da Babangida da Baffa, aka samu Ummi da Uwani da Iya da Hajiya. Mu nan Gombe da Bauchi, inda Hausa ta cuɗanya da Fulatanci, muna da namu: Babayo, Babaji, Bappa, Yayaji, Dada, Inna. Shi kansa wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa masarautar Gombe a farkon ƙarni na 19, Abubakar ne sunansa, amma Buba Yero duniya ta sani.

To Afnan ɗin gidanmu wannan aikin take yi. Matar ƙanena ba za ta iya tsayawa a tsakar gida ta ce "Aishatu, sauko daga nan" Goggo na zaune a kan tabarma ba. Kunyar ba ta mutu ba, kuma na yi murna da ba ta mutu ba. Abin da ya dame ni wani ne daban. Tsohuwar alkunya tana ɓoye suna ne tana kuma nuna mai shi. In ka ji ana kiran yarinya Ummi, ka san uwar wani ce aka mayar. In ka ji Babangida, ka san sunan maigidan ne ya dawo. Baƙo ma da ya shigo yau zai gane cewa yaron nan ba a dukansa a gaban kowa, ba a zaginsa da uba, don akwai wanda yake wakilta. Da Larabci ya fara shigowa wannan fage ma bai ɓata ma'anar ba: Walida ai mahaifiya ke nan, Walid mahaifi, Khalifa magaji. Har Momi da Dadi da suka zo daga baya, duk da harshen aro ne, suna nuni da wani mutum. Afnan ba ta nuna kowa. Yarinyar za ta iya kai shekara goma ba ta san cewa tsohuwar nan da ke ba ta kuɗin alawa ita ce dalilin sunanta ba, in ba an zaunar da ita an gaya mata ba.

Takwara kuwa a wurinmu ba ado ba ne, nauyi ne. Wanda aka yi wa takwara ya san an ɗora masa kaya: turmin atamfa da sabulu ranar suna, ɗinkin sallah, wani lokaci riƙon yaron gaba ɗaya bayan yaye, in mace ce kuma ranar aurenta ana sa ran ganin hannunsa a kayan ɗaki. A rugage akan nuna wa jariri karsanarsa tun yana zanen goyo. Mutum kan sa wa ɗansa sunan malaminsa, ko amininsa, ko ubangidan da ya koya masa sana'a, ya ƙulla zumuncin da zai wuce rayuwarsa. Duk lokacin da aka kira yaron, ana ƙara ɗaure igiyar. In aka daina kiran, igiyar ba ta tsinkewa rana ɗaya, amma tana saki.

Ban da alkunya, sunan kira yana ba da labarin yadda mutum ya zo duniya. Ranakun mako kowace da 'ya'yanta: Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu da Ɗantala, Bala da Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Waɗannan ba sunayen 'yan baya ba ne. Muhammad Ɗanjuma Goje ya mulki Gombe daga 2003 zuwa 2011 da sunan Juma'a, Bala Muhammad ya hau kujerar Bauchi a 2019 da sunan Laraba, a shekarar da Inuwa Yahaya ya hau ta Gombe da ɗaya daga cikin tsofaffin laƙubban Muhammadu. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo ya bi tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Azumi da Sallau da Tasalla sun faɗi watansu, Anaruwa ya faɗi yanayin sama, Cindo ya faɗi yatsunsa. A gidan Fulani Dikko ne babba, Sambo ke bi masa. A lokacin da ba takardar haihuwa, sunan shi ne takardar. Tsohuwa za ta iya lissafa maka tarihin ɗaki guda, wa ya riga wa, wa aka sha wuya kafin a samu, daga sunayen kawai.

Ba duka nake kewa ba. Ajuji da Ayashe da Barmani da Mantau sunaye ne na wabi, na uwar da ta binne uku ko huɗu ta koma nuna kamar ba ta damu da na biyar ba, ko mutuwa ta kau da kai. Hawaye ne aka mayar suna. In rigakafi da awon ciki sun rage mana dalilin sa su, sai hamdala.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. Na farko da na shaida da idona ya biyo bayan yaɗuwar makarantun Islamiyya da wa'azin da ya ƙaru bayan kafa Izala a Jos a 1978. Matasa da matan aure suka fara karanta tarihin sahabbai da kansu, sai ga Sumayya da Nusaiba da Khaula da Juwairiyya, ga Huzaifa da Mus'ab da Ammar da Suhaib, sunayen da kakanninmu ba su cika sa wa ba. A lokacin ne kuma aka fara gyara furuci: Hadiza ta koma Khadija, Rakiya ta koma Ruƙayya, Kaltume ta koma Ummu Kulsum. Kowane ɓangare yana da nasa. Gidan Tijjaniyya ba ya rasa Tijjani da Inyass da Ɗahiru, gidan Ƙadiriyya ba ya rasa Abdulƙadir da Jilani. Siyasar duniya ma ta bar tabonta: 'yan Saddam na 1991 yau magidanta ne, 'yan Buhari na 2015 sun kusa gama firamare. Duk da bambancinsu, waɗannan sunaye sun yi tarayya a abu ɗaya. Kowanne yana da mutum a bayansa. In Mus'ab ya tambayi babansa wane ne Mus'ab, akwai labarin da za a ba shi har dare ya raba.

Na yanzu ya sha bamban da wancan. Ma'auninsa biyu ne: ya yi daɗi a kunne, kuma kada a same shi a gidan maƙwabta. Mai ciki tun tana wata biyar take tara sunaye a waya, daga Facebook da TikTok, daga littattafan soyayya da ake karantawa a WhatsApp, daga finafinan Indiya da na Turkiyya da ake juyawa zuwa Hausa, daga bakin 'yar'uwar da ta dawo Umara. Haka muka samu Afnan da Hanan da Ilham da Amal da Sidra da Minal, muka samu Ayman da Rayyan da Zayyan da Sultan. Suna ya zama kamar yayin atamfa, wanda ya fito bana baɗi ya cika gari a nemi wani. Wanda ya shiga ajin nazare a cikin Gombe ya saurari kiran rajista zai iya ƙiyasta shekarar haihuwar yara daga sunayensu.

Ba na ɗora wa matan laifi, kuma ina ganin masu ɗora musu ba su yi adalci ba. A shari'a uba ke da haƙƙin sa suna, a al'ada kuma shi ma sau da yawa ba shi ke zaɓa ba, iyayensa ne, musamman a haihuwar fari. Ita da ta ɗauki cikin wata tara, ta yi naƙuda, ta yi arba'in tana wankan jego, sai ta ji sunan daga bakin masu shigowa barka. Sunan kira shi ne ƙofa ɗaya da aka bar mata tun fil azal. Da can uwarta da kakarta da ungozoma ke taya ta, yanzu waya ke taya ta. Akwai kuma buƙata ta zahiri. Zuri'ar da ke da Aishatu biyar dole ta rarrabe su. Magabata sun warware wannan da Indo da Shatu da A'i da Humaira, suka jera Muhammadu daga Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu har zuwa Ashiru. Matar yau abin da suka yi take yi, kayan aikin ne suka bambanta. Ko 'yan matan da ke rubuta Deejah da Teemah a shafukansu, gutsure sunan suke yi irin yadda kakanninsu suka fitar da Dije daga Hadiza.

Inda nake da magana shi ne ma'ana, da kuma abin da zaɓin ke tonawa game da yadda muke kallon harshenmu. Na tambayi matar ƙanena ma'anar Afnan, ta ce a Alƙur'ani yake, a Suratur Rahman. Gaskiyarta, yana nan, inda ake siffanta gidajen Aljanna biyu, kuma ma'anarsa rassan itatuwa. Suna ne mai kyau. Amma zaman kalma a cikin Alƙur'ani kaɗai bai mayar da ita suna ba, don Fir'auna da Ƙaruna ma suna ciki. Wanda ya tsinci Minal a cikin aya ya ɗauka suna ne, abin da ya ɗauko shi ne "daga", harafin da ke jiran kalmar da za ta biyo shi. Rubutun boko kuma yana ƙara rikita lamarin. Asiya matar Fir'auna, wadda ta yi imani, da Asiya mai ma'anar mai saɓo, a Larabci haruffansu daban ne, a boko kuwa ba ka iya bambanta su. Ta biyun ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wata ya mayar da ita Jamila, kamar yadda ya mayar da Barra Zainab. Wannan ya nuna abin da addini ya sa wa ido: ma'ana. Annabi ya ce sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, amma bai shar'anta cewa kowane suna sai ya zama Larabci ba. Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ ma malaman nahawu sun ce asalinsu ba Larabci ba ne. Minti biyar a gaban malamin unguwa kafin ranar suna ya isa ya raba mutum da kuskuren da yaro zai ɗauka har kabari.

Sai mu dubi waɗannan ma'anoni da kyau. Hibba kyauta ce. Nur haske ne. Farha murna ce. Sidra magarya ce, wannan dai da ke bakin gona yara na jifa. Mace za ta sa wa 'yarta Hibba da alfahari, amma a ce mata ta kira ta Kyauta sai ta ɓata rai ta ce sunan ƙauye ne, alhali Kyauta tsohon sunanmu ne da ake ba ɗan da aka daɗe ana jira. Ma'anar ɗaya ce, harshen ne ake gudu. Wasannin kwaikwayo sun taimaka wajen dasa wannan ƙyama, don kusan kullum 'yar aiki ce ko baƙauya ake kira Kande ko Tabawa ko Delu, 'yar masu gida kuma ta ɗauki na Larabawa. Yarinya ta tashi tana ganin haka, yaya za a yi ta so sunan kakarta? Na san matan da suka kai aure suna ɓoye cewa a gida Talatu ake ce musu. Wannan yana yi mini ciwo, don wanda ya ji kunyar sunan uwarsa ya fara jin kunyar uwar ne bai sani ba.

Abin lura shi ne inda sunayen nan suka samu mafaka. Je ka Billiri ko Kaltungo, ko ka bi ta Dass da Tafawa Ɓalewa da Bogoro. A gidajen Kiristocin Tangale da Waja da Sayawa da Jarawa, waɗanda Hausa ta zama harshen kasuwarsu da cocinsu, za ka tarar da Ladi da Laraba da Asabe da Ɗanjuma da ransu, tare da Alheri da Godiya da Murna da Haske da Ƙauna da Albarka, gefe guda kuma Bitrus da Bulus da Saratu da Rifkatu. Yakubu Dogara, ɗan Bogoro, ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019 da kalmar Hausa tsantsa a matsayin suna. Waɗanda suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu sun ga ta isa a kira ɗa da ita. Masu ita ne ke ganin ba ta kai ba.

Akwai wani sabon abu da ya sa maganar ta wuce ta sha'awa, shi ne takarda. Da can suna biyu ko uku ba sa cin karo, kowanne da wurinsa: na yanka ranar ɗaurin aure da ranar jana'iza, na kira a gida, laƙabin abokai a dandali. Fom ɗin gwamnati bai san wannan ba. Gurabe uku ya tanada, ɗaya na "sunan iyali", abin da mu ba mu da shi. Shi ya sa tun zamanin Turawa 'yan makaranta ke cike gurbin da sunan gari, aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur, mu ma nan muka samu 'yan Kumo da Dukku da Nafada da Deba, har da unguwa irin Pantami. Muddin takardun suna cikin fayil daban-daban, ba mai damuwa. Amma BVN, lambar tantance masu asusun banki, ta zo a 2014, a Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, lokacin Isa Ali Pantami na ministan sadarwa, a 2021 kuma hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta ce ba rajista sai da NIN. Kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ba ne, balle ta san Garba shi ne Abubakar.

A nan ne sabon sunan kira ke zama tarko. Ummi ko Babayo kowa ya san ba na yanka ba ne, malamin makaranta da ya ji zai tambayi na gaskiya. Afnan kuwa kama take da cikakken suna. Uwa ta kai yarinya nazare, a tambaye ta suna, ta faɗi wanda bakinta ya saba, a rubuta. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta ce Aishatu, katin rigakafi ya ce Aisha, sakamakon firamare ya ce Afnan. Ba wanda zai lura sai yarinya ta kai aji shida na sakandare, a zo rajistar jarrabawa sunaye su ƙi haɗuwa. Daga nan sai zaryar kotu neman takardar rantsuwa, sai biyan kuɗin sanarwa a jarida, sai layin gyaran NIN. Ɗan maƙwabcina shekara guda ya rasa a kan haka, shi da ake kira Khalifa alhali Usman aka yanka masa rago. Wani gidan kuma, don gudun wahala, sai su bar na makarantar ya zauna, sunan yankan ya ɓace daga kowace takarda. A nan ne ƙorafin manya ke zama gaskiya: takwarar da aka yi wa kaka ta rage a bakin liman na safiya ɗaya kawai.

Da za a karɓo wa 'yar ƙanena takardar haihuwa, ni na raka shi. A hanya ya ce, "Hamma, in sa Afnan ɗin a tsakiya ne, ko in bar shi?" Na ce ya sa, tunda da shi za ta tashi, amma Aishatu ya zo farko, kuma yadda aka rubuta shi yau haka za a rubuta shi a asibiti da makaranta da ko'ina, harafi bai sauya ba. Muka tsaya a kan ma'aikacin har ya gama, muka karanta sau biyu kafin mu karɓa. Da muka dawo na miƙa wa Goggo takardar. Ba ta karatun boko, sai ta ce in nuna mata inda sunanta yake. Na ɗora yatsana a kai. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta aika a kira mata uwar yarinyar, ta ce tunkiyar nan mai baƙin kunne da ke bayan ɗaki ta takwararta ce, duk abin da ta haifa a ajiye mata.